Azir a Kan Kabarin Ɓarawo

Iskar shargi ta yi kwanaki tana hurowa daga hamada, zafi kamar bakin tanderu. Da ta lafa, Mimun ya hau gangaren ya duba. Bai daɗe ba. Duk dashen azir da ya yi a ƙarshen sanyi ya ƙone a tsaye. Ya murza ɗaya a tafin hannu, ya zama gari. Ƙamshin kawai ya rage.

Karo na biyu ke nan.

Ya zauna a kan dutse yana kallon Tagurast a ƙasa. Gidajen laka, hasumiyar masallaci, da ganyen azir da mata suka baza a rana. Da azir garin ke ci. Shi ne ganyen ƙamshin nan da 'yan birni ke kira rozmari, suna barbaɗa wa nama, Turawa kuma suna tatsar mansa. Kowane rani a hau duwatsu da lauje, a yanko, a shanya, a bubbuge, a ɗura a buhu, mota ta kwashe zuwa Talsint. Haka aka taso aka tarar. Amma ba wanda ya taɓa dasa shi. Allah ke shuka azir, mutum nasa yanka.

Wannan gangaren rabon gidansu ne. Nan mahaifinsa Kaddur ya yi ta yanka har ya koma ga Allah. Bayan rasuwarsa gobara ta tashi ta lashe wurin ƙaf, sai toka da duwatsu. A dokar garin kuwa, gangaren da ba azir na tumaki ne. Mimun ya je gaban jama'a, dattawan da ke zama a inuwar masallaci bayan Juma'a, ya roƙi a hana dabbobi hawa, zai dasa. Sun yi dariya har da share hawaye. Don darajar Kaddur suka yanka masa wa'adi. Yanzu rani ɗaya ya rage, na baɗi. In ya fita babu kore a gangaren, tumaki za su hau, sunan gidansu ya sauka.

"Manomin duwatsu! Ina amfanin gona?"

Baffansa Bujma'a ne, ƙanin mahaifinsa, wanda ya fi kowa tumaki a garin. Yana tafe a gindin gangaren da sanda a wuya, garken na biye.

"Sannu, Baffa."

"Sannunka dai. Na ga an yi albarka. In kawo alfadari mu kwashe?"

Mimun ya karkaɗe garin ganyen daga tafin hannunsa.

"Ni fa ban hana ka ba. Cewa na yi ka dasa a liyali, yadda ake dasa kowane itace tun zamanin Annabi Nuhu."

"Na dasa a liyali. Sanyi ya kashe."

Liyali shi ne tsakiyar hunturu, lokacin da ɓaure ke zubar da ganye ya yi barci. A nan kowa ke dashe, itacen bai sani ba sai dai ya farka a sabon gida. Mimun ya bi al'ada a karon farko. Raɓa ta daskare a kan dashen, ya yi baƙi, ya ruɓe.

"To ka dasa da ɗumi," in ji Bujma'a.

"Ga shi nan."

"Ka gani ko? Sanyi ya ƙi, zafi ya ƙi. Saura me? Abin da Allah ya riƙe wa kansa, kai wa ya aike ka? Dubi bayin Allah nan, duk haƙarƙari a waje, ga ciyawa na fitowa a banza tana bushewa a banza, saboda ɗan wana yana kiwon toka."

Ya yi wa tumakin fito, suka wuce. Mimun ya zauna har ƙurarsu ta kwanta. Abin da ya fi ci masa rai shi ne Baffa bai faɗi ƙarya ba.

Ranar Juma'a da hantsi mahaifiyarsa Yamna ta ce ya ɗaukar mata jarkar ruwa zuwa maƙabarta, gwiwarta ta motsa. Ya ɗauka, ba don yana so ba.

A Tagurast in an rufe mamaci, sai a karyo ɗanyen reshen azir a soka a jikin dutsen kai, a zuba ruwa. Mata su riƙa shayar da shi duk Juma'a na ɗan lokaci. In ya kama, a ce ƙasa ta yi murna da baƙonta, mutumin kirki ne. In ya bushe, ba a cewa komai a fili. A ɗaki ake cewa.

Na Kaddur ya kai ƙugu, kore shar. Yamna ta zuba ruwa, ta yi addu'a, ta shafa ganyen kamar tana shafa kan jariri.

Mimun kuwa idonsa na kan na gefe. Wancan ya kai ƙirji, ya baje har ya rufe kabarin.

"Inna, wannan na wa?"

"Ka sani sarai. Hammu."

"Ɓarawon awaki?"

"Rufe mana baki, a maƙabarta muke." Ta waiga, ta rage murya. "Shi. Har akuyar kakarka ya sace, ya kuma zo ya taya mu nema."

"Ya fi na Baba girma."

"Wataƙila ya tuba a ɓoye."

"Me ya kashe shi?"

"Alfadarin da ya sato ne ya harbe shi."

"To yaushe ya tuba? Tsakanin kofato da ƙasa?"

Yamna ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. "Allah ya shirye ka. Duk gari an bar garma a gona an zo kallo. Farkon huɗa ne, ƙasa ta sha ruwa."

Mimun ya matsa gaba kaɗan. Kabarin Si Larbi, limamin da ya koya wa rabin garin karatu, wanda ko ƙwai aka ba shi sai ya tambayi kazar wa. A jikin dutsensa ba komai sai wani busasshen tsinke.

"Liman fa? Yaushe ya rasu?"

"A liyali. Da diga aka fasa ƙasar, ta daskare kamar ƙarfe. Me ya kawo tambayar?"

Mimun ya dubi kabari na gaba. Ya ajiye jarkar.

"Wannan fa?"

"Muna yankan azir, rana kamar wuta."

Busasshe.

"Wannan?"

"Muna wankan gawarta ruwan farko ya sauko, har muka ce rahama ce."

Kore.

Haka ya riƙa jan ta kabari bayan kabari, tana ɗingishi tana mita. Yamna ba ta riƙe wata ko shekara. Da aiki take tuna mutuwa. Wannan ana askin tumaki. Wancan ana sussukar sha'ir. Wancan ana huɗa. Ba duka suka bi layi ba. Akwai na lokacin huɗa da akuya ta cinye, akwai ɗaya na ƙarshen sanyi da ya rayu don yana bakin magudanar ruwa. Amma kusan duk inda ya ga kore, sai ta ce huɗa, ko ta ce ruwan farko na kaka, wanda a ƙasar nan bayan rani yake sauka, kafin sanyi.

A can gefe, wajen katanga, ta tsaya da kanta. Kabari ne da ko tsinken babu.

"Tamu ce, matar Baffanka. Wajen haihuwa ta tafi, tsakiyar rani." Ta dafa katangar. "An yi ta magana. An ce wa ya san abin da ta aikata. Tun daga nan Bujma'a bai sake tako wurin nan ba."

Ta zauna a kan katangar a hankali. Ta dubi kabarin, ta dubi ɗanta.

"Ashe naman baiwar Allah muka ci a banza."

Can kuma ta ɗago da fushi. "To kana nufin ubanka ba mutumin kirki ba ne?"

"Mutumin kirki ne, Inna. Amma a kaka ya mutu."

Ya tsuguna ya tona gindin azir ɗin Hammu da yatsa. Yanzu ya gane. Azir ba ya barci kamar ɓaure. In ka dasa shi cikin sanyi, a farke ka jefa shi cikin ƙanƙara. In ka bari sai sanyi ya wuce, bai gama kafa saiwa ba rani zai riske shi. Amma bayan ruwan farko ƙasa na da laima, kuma zafin rani bai gama fita daga cikinta ba. Zai kafa saiwa kafin liyali, ya sha ruwan hunturu, rani ya zo ya tarar da shi da ƙafa a ƙasa. A wannan lokacin kuwa kowa na bayan garma. Ba mai dasa komai, sai wanda aka yi wa mutuwa.

Matsala ɗaya ce. In an rufe yanka a ƙarshen rani, ba mai taɓa azir sai da izinin jama'a. Dole ya koma inuwar masallaci.

Ya faɗi abin da ya gani a gajarce, ya roƙi izinin yanko rassa, idonsa a ƙasa. Kafin ya rufe baki wurin ya kaure.

"Kai yaro, matattu ka koma yi wa hisabi?"

"Na ubana kore ne tun ba a haife ka ba!" in ji wani tsoho, yana buga sanda. "Yanzu ka ce ruwan sama ne?"

"Ban ce komai a kan ubanka ba, Baba. Hammu na ce."

Wani ya fashe da dariya, ya mayar da ita tari.

Si Tahar, shugaban jama'a, ya ɗaga hannu. Bai kai ga magana ba Bujma'a ya riga shi. Tun da aka fara bai ce uffan ba, abin da ba a saba gani ba. Kofin shayinsa na hannu, ya huce.

"Wanda ya mutu da rani fa?"

Muryar ba irin tasa ba ce. Mimun ya dube shi ido cikin ido.

"Ko waliyyi ne, Baffa, ba zai kama ba."

Bujma'a ya ajiye kofin. Ya miƙe, ya gyara jallabiyarsa, ya tafi. Ba wanda ya kira shi.

Si Tahar ya shafa gemu. "Reshe ya roƙa, ba saiwa ba. Ya yanka. Amma wa'adi na nan inda yake."

Sai jiran ruwa. Ruwan kuma ya yi nawa. Kullum Mimun na kan gangaren yana tara duwatsu, yana haƙa ƙananan ramuka, yana kallon yamma. Gajimare ya taso ya watse. Dare ya fara sanyi. In sanyi ya riga ruwa zuwa, magana ta ƙare. Ya daina cin abincin kirki. Yamna ta daina yi masa magana a kai.

Wata ranar kasuwa da azahar sama ta yi baƙi, ta tsage. Aka wuni ana yi, aka kwana. Da safe Mimun ya fita ya cusa hannu cikin ƙasa har wuyan hannu. Saman da sanyi. Can ciki kuwa ɗumi, kamar gurasar da aka rufe da tsumma.

Garin duka ya fita da alfadarai da garma. Yamna ta tsaya a bakin ƙofa ta ga ɗanta ya ɗauki lauje da buhu.

"Gonar sha'ir fa?"

"Ta jira."

"Ƙasa ba ta jira. Me za mu ci baɗi? Ƙamshi?"

"Hannu biyu gare ni, Inna."

Ya tafi. Ya yanko rassa daga dutsen da gobara ba ta kai ba, masu ɗan kauri, ba sababbin toho ba. Ya yi wa kowanne yadda ake yi wa na mamaci. Ya zage ganyen ƙasa, ya soka da zurfi, ya danne da diddige, ya kafa dutse a gefen da iska ke bugowa, ya zuba ruwa kaɗan. Ya matsa gaba. Bayansa ya ƙage, yatsunsa suka tsattsage. Washegari ya ɗago kai ya ga Yamna na hawowa da gwiwar tata, da gurasa da man zaitun a ƙunshe. Ta zauna ta ja buhun gabanta ta fara zage ganye.

Ita ce ta fara hangowa.

"Wa ke cikin gonarmu?"

Can ƙasa wani na bin alfadari, garma na tsaga gonar Kaddur, baƙar ƙasa na juyewa. Ko daga nesa tafiyar ba ta ɓuya. Mimun ya gangara da gudu.

"Baffa!"

"Kar ka soma yi mini godiya. Alfadarin ne ya ɓace hanya, na ce tunda ya shigo ya ƙarasa." Bujma'a bai ko tsaya ba. "Kuma kar ka ɗauka na janye. Ranar da wa'adi ya cika, wallahi da bandiri zan hau da tumakina. Koma wajen matattunka, kana tsaye mini a kan huɗa."

Mimun ya koma. Kafin sanyi ya kankama ya cika gangaren tun daga gindi har ƙoli. Daga ƙasa in ka duba, sai ka ce maƙabartar jarirai, duwatsu a jere kowanne da ɗan reshensa. Mutane suka sa wa wurin suna haka. Ya ji, bai kula ba.

Liyali ya zo da dusar ƙanƙara, ta rufe komai. Ba abin da zai yi. Yana zaune gefen murhu, ya yi shiru har Yamna ta ce ko bango ya fi shi hira. Da ƙanƙarar ta narke ya hau. Wasu sun yi baƙi. Mafi yawa suna tsaye, ba su ƙaru ba, ba su mutu ba. Bai gaya wa kowa ba. Da ɗumi ya shigo, kawunansu suka fitar da toho mai haske, laushi kamar gashin ɗan tsako. Nan ma bai yi murna ba. Wancan karon ma ya ga toho.

Rani ne alƙali. Ya zo kuwa da ƙarfinsa. Rijiyar tsakar gari ta ja baya, ba ruwan da za a kai wa dutse. Shargi ta taso ta yi ta hurowa, ta lafa, ta sake tasowa. Mimun ya tafi yanka a rabon wasu, ana biyansa da buhu. Hanyarsa ta gindin gangaren take bi. Ba ya ɗaga kai.

Ranar da aka rufe yanka, bayan Juma'a, Si Tahar ya ce a tashi a je a gani da ido. Dattawa suka kama hanya da sandunansu, gari ya biyo baya. Bujma'a ya cika alkawari. Ya zo da garkensa duka, da wani maroƙi da ya ɗauko yana kaɗa bandiri. Mimun na can ƙarshe.

Suka sha kwanar dutsen. Mai bandiri ne ya fara yin shiru.

Ƙolin gangaren ya ƙone, babu ko ɗaya. Amma daga nan zuwa ƙasa, a gindin kusan kowane dutse, ga azir a tsaye. Bai fi taƙi ba. Ya yi ƙura, ya ƙanƙance ganye saboda zafi. Amma kore ne, kore mai duhu, layi bayan layi har inda ido ya kai. Iska ta juyo ta kawo ƙamshin.

Mimun ya dafa dutse.

"Kore ba shi ne rai ba," in ji tsohon nan mai sanda. "Azir yakan mutu da launinsa. A ja a gani."

Si Tahar ya naɗe hannun riga. Ya zaɓi ɗaya, ya kama da hannu ɗaya ya ja. Bai motsa ba. Ya sa hannu biyu, ya kafa ƙafa, ya ja da ƙarfi. Ganyen ya zame masa, ya tafi da baya ya zauna daɓas, rawaninsa ya gangara cikin tumaki. Azir ɗin na nan inda yake.

Dariya ta ɓarke, har da shi kansa. Yana zaune a ƙasa ya shinshina tafin hannunsa, ya ɗaga shi sama.

"Ku shaida. Ba dabbar da za ta taka nan. Gangaren Mimun ɗan Kaddur ne."

Wata mata ta rangaɗa guɗa, sauran suka karɓa. Mai bandiri ya duba Bujma'a, ya duba jama'a, ya ga inda riba take, ya ci gaba da kiɗa. Tsohon mai sanda ya tsuguna yana leƙen gindin wani dashe, yana tambayar na kusa da shi zurfin ramin.

Mimun, wanda ba a taɓa jin muryarsa ta wuce bakin ƙofa ba, ya haye kan wani dutse ya haɗa hannu a baki.

"Inna! Inna! Ɗora kuskus! Na gari duka!"

Muryar ta bugi dutsen tsallake ta dawo.

"Na gari duka," in ji Bujma'a. "Ji mai arziki. Da naman wa?"

"Naka, Baffa."

"Nawa? Ka ƙwace mini kiwo, ka kunyata ni gaban makaɗin da na biya, kuma ka ci ragona? Jama'a, kun ji ɗan Kaddur?"

Mimun ya riga ya diro, ya kutsa cikin garken, ya cafke ƙafar wani rago. Bujma'a ya ɗaga sanda ya yi kansa yana ihu.

"Sake shi, ɗan banza! Wannan ramammen za ka ba mutane, a ce daga garkena ya fito? Kama wancan mai ƙahon!"